Yadda Ake Shirya wa Tiyatar Ƙaba da Yadda Ake Jinya Bayanta

Ƙaba ƙofa ce ta buɗe a bangon ciki. Naman da ke riƙe da kayan ciki ne ya yi rauni a wani gurbi, galibi a matsematsi, sai hanji ko kitsen ciki ya riƙa leƙowa ta wurin, kamar yadda tub ke kumburowa ta inda tayar keke ta tsage. Shi ya sa in mutum ya miƙe tsaye, ko ya yi tari, ko ya cicciɓi buhu, ƙullutun yake fitowa, in ya kwanta rigingine kuma ya koma, wani lokaci har ka ji ƙarar komawarsa, ƙululu. Duk wanda ya gane wannan ya huta da kashe kuɗi a wajen masu magani. Babu jiƙo, babu ƙwaya, babu allurar da ke ɗinke naman da ya buɗe. Wanda ake talla da lasifika ranar kasuwa iyakarsa ya sa ka zawo, cikin ya ɗan saɓe, ka ɗauka an dace, alhali ƙofar tana nan kuma faɗi take ƙarawa. Ɗaure wurin da ɗamara ma danne ta kawai yake yi. A wajen babban mutum, tiyata ce kaɗai ke rufe ta.

Kuma ba ciwon jin kunya ba ne. Cikin maza 100, kusan 27 za su gamu da ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsu, mata kuwa wajen 3 cikin 100, kuma ana yin aikinta sama da sau miliyan 20 duk shekara a duniya. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutanenmu ke ɓoye ta a ƙarƙashin babbar riga shekara da shekaru, har ta sauka cikin maraina ta hana mutum hawa keke da sunkuyawa a gona, sannan wata rana tsakar dare a kwaso shi ranga-ranga. Aikin da ba ya kai awa guda in an shirya masa, sai ya koma na yanke hanji.

Mataki na farko: a tabbatar ita ce

Ba duk kumburin matsematsi ne ƙaba ba. Akwai kaluluwa, wadda ke tashi in mutum ya ji ciwo a ƙafa, ba ta kuma komawa ciki in an kwanta. Akwai gwaiwar ruwa, inda ruwa ne ya taru ya kewaye ɗan maraina. Ita in likita ya ɗora tocila a jikinta cikin duhu sai ka ga hasken ya ratsa ta yi ja. Ita ma aiki ake yi mata, amma aikinta daban ne. A nan ina roƙo da babbar murya: kada a yarda wanzami ko mai kemis ya soka allura ko aska a kumburin da sunan zuƙe ruwa. In hanji ne a ciki, an huda shi ke nan.

Likita zai sa ka tsaya, ya ɗora hannu a wurin ya ce ka yi tari, sannan ka kwanta ya gwada mayar da ita. Yawanci wannan ya wadatar, ba sai an yi hoto ba. Ana tura mutum sikanin ne in ƙullutun ƙarami ne ko ba ya fitowa sosai.

Mata su kula da kyau. Akwai wata ƙaba da ke fitowa ƙasa kaɗan da matsematsi, a saman cinya, ta fi kama mata, ba ta cika girma ba, amma ƙofarta matsattsiya ce, don haka ta fi kowace saurin shaƙe hanji. Macen da ta ga ƙullutu a wannan wuri kada ta jira sai ya yi ciwo. Yara kuma kashi biyu ne. Cibin jariri mafi yawa yakan rufe da kansa kafin shekara 4 ko 5, kuma ɗaure masa kwabo ko tsumma ba ya ƙara komai sai sale fata. Amma kumburin matsematsi ko na maraina da ke fitowa in yaro yana kuka ya koma in ya yi barci, wannan ba ya warkewa da kansa, a kai shi ga likitan tiyata tun yana ƙarami.

Alamun da ba a kwana da su

Kafin mu je ga shiri, wannan ya kamata kowa a gidan mai ƙaba ya haddace. In ƙullutun ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, yana ciwo mai tsanani, ga amai, ga ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, ko fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, to hanji ya maƙale, jini ya daina isa gare shi. Hanjin da aka shaƙe yana iya fara mutuwa cikin awa 6. Kada a danna da ƙarfi, kada a gasa da ruwan zafi, kada a ba shi kunu ko jiƙo ko maganin wankin ciki, kada a ce bari gari ya waye. A nemi mota a nufi asibitin da aka tabbatar akwai ɗakin tiyata da likita a bakin aiki, ba ƙaramin asibitin unguwa ba inda za a sa masa ƙarin ruwa a ɓata awanni.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci da wuri

Namijin da ƙabarsa ƙarama ce, tana komawa ba wuya, ba ta kuma damunsa, likita na iya cewa a ɗan saurara ana lura da ita. Sai dai binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin shekara 10, kusan biyu bisa uku na waɗanda suka jira sun ƙare da yin aikin, saboda ciwo ya matsa musu. Su kuma mutane ne da ke kusa da asibiti. Wanda ke ƙauyen da sai an yi tafiyar awa biyu kafin a hau kwalta, kuma da ƙarfinsa yake ci, ni a ganina jira ba nasa ba ne.

Ka zaɓi lokacin da za ka iya ajiye aikin ƙarfi na mako 4 zuwa 6. Ga manomi, bayan an gama kaka an kai amfani rumbu shi ne daidai: ga ɗan kuɗi a hannu, kuma kafin sharar gona da faɗuwar damina jiki ya murmure. Ɗan dako, mai faskare, ɗan ga-ruwa da lebura su yi lissafin abin da gida zai ci a wannan tsakani tun kafin a sa rana, domin abin da ke mayar da mutum bakin aiki da ɗanyen ɗinki ba taurin kai ba ne, cefane ne. A yi magana da 'yan'uwa, ko a tsara kwasar adashe ta faɗo a lokacin. Mai niyyar aikin Hajji ya yi tiyatarsa da watanni kafin tafiya.

Wurin kuwa, ba sai lallai asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Sakkwato ba. Manyan asibitocin gwamnati da na kuɗi masu rajista da yawa suna yin wannan aiki kullum. Abin nema shi ne likitan da ya saba da shi da kuma ƙwararren mai ba da allurar kashe zafi. Ka tambaya ba tare da jin nauyi ba: wa zai yi mini aikin? Za a sa raga, wato ta roba da ake shimfiɗawa a kan ƙofar, ko ɗinki kawai za a yi? Wace irin allura za a yi mini? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da raga da gwaje-gwaje da magani da gado, ko kowanne daban? Mai katin inshorar lafiya ya je ofishinsu tun da wuri a ba shi takardar amincewa. In kuma tiyatar kyauta ce irin wadda ƙungiyoyi ke kawowa, alheri ce, a karɓa, amma ka san wa zai duba mikinka bayan baƙin likitocin sun tafi, kuma ka karɓi takardar da ta bayyana abin da aka yi maka.

Mataki na uku: gyara jiki kafin ranar

Za a auna yawan jininka, hawan jini da sukari, dattawa kuma a kan duba zuciya da ƙoda. Mai ciwon sukari ko hawan jini sai an daidaita shi tukuna, domin sukarin da ya hau yana hana miki kamewa. In likita ya ɗaga ranar saboda wannan, kada ka ji haushi ka koma wani wurin da za a yanka ka ba tambaya.

Abu uku ne ke tura ƙaba waje, kuma su ne ke iya dawo da ita bayan an gyara: tari mai naci, yunƙurin bayan gida, da yunƙurin fitsari. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada majina, ko tarin fuka ne. Dattijon da ke tashi fitsari sau da yawa da dare, ko yake daɗewa kafin ya zo, ko yake fita a tsittsinke, ya faɗa wa likita tun yanzu, domin allurar tiyata na iya sa fitsarin ya tsaya cik. Mai shan taba ya ajiye ta aƙalla mako 4 kafin aikin.

Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka kai wa likita ya gani da idonsa, har da na gargajiya. Asfirin, wafarin da sauran masu tsinka jini, shi zai gaya maka ranar da za ka dakata. Kada ka yanke da kanka. In wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburin fuska, ka faɗa.

Daren jajiberi da safiyar aiki

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Kunu, koko, fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Wasu asibitocin za su ce daga sha biyun dare kada ka sa komai a baki, sai ka bi nasu. Dalili shi ne in ciki da abinci, mutum na iya amai yana cikin maye ya shaƙe shi zuwa huhu. In ka manta ka ci, ka faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aikin.

Ka yi wanka da sabulu. Kada ka aske gashin mara da reza a gida, domin ƙananan yankan da ido ba ya gani su ne mashigar ƙwayoyin cuta. A bar wa ma'aikatan su rage shi dab da shiga. Ka zo da zani ko jallabiya mai faɗi, da ɗan kamfai mai ɗan kama jiki, da mutum guda mai hankali wanda zai zauna da kai ya kuma mai da kai gida. Lokacin da likita ya zo, ka nuna masa ɓangaren da hannunka, dama ko hagu, a sa alama da biro, domin ƙaba kan ɓuya in an kwanta.

Abin da ke faruwa a ciki

Allura iri uku ce. Akwai wadda ake yi a wurin kaɗai ya mutu, kana farke kana jin hirarsu, kuma ta dace da ƙaramar ƙaba da tsofaffin da zuciyarsu ba ta da ƙarfi. Akwai allurar baya, wadda aka fi yi a asibitocinmu: za ka zauna ka ranƙwafa, a soka siririyar allura a gadon baya, cikin 'yan mintoci ƙafafu su yi ɗumi su yi nauyi, daga cibiya zuwa ƙasa ba ka jin zafi. Ba ta shanye ƙafa, jin yana dawowa bayan 'yan awanni. Ta uku ita ce ta barci gaba ɗaya, wadda ake yi wa yara da kuma masu aikin kyamara, wato wanda ake yi ta ƙananan huji uku a ciki. Wannan na kyamarar zafinsa ya fi sauƙi a kwanakin farko, ya kuma dace da mai ƙaba a ɓangare biyu ko wadda ta dawo, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yin sa ba.

A aikin da aka saba, likita zai tsaga fata a matsematsi, ya ware jakar ƙabar daga jijiyoyin da ke zuwa maraina, ya mayar da abin da ya fito, sannan ya ƙarfafa bangon. Tsohuwar hanya ita ce a jawo naman a ɗinke shi da juna, dabarar da wani likitan Italiya mai suna Bassini ya shimfiɗa a shekarun 1880, kuma har gobe ana amfani da ita. A shekarun 1980 likita Lichtenstein a Amurka ya yaɗa shimfiɗa raga ta roba a kan ƙofar ba tare da an ja nama ba. Naman jiki ya tsiro ta cikin idanun ragar ya riƙe ta har abada. Ƙabar da aka sa wa raga ba ta cika dawowa ba, don haka in akwai hali ita ce zaɓi ga babba. Saboda tsadarta ne likitoci suka gwada wata irin ragar gidan sauro mai araha da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kuma binciken da aka yi a Yuganda aka buga a 2016 ya nuna ta yi aiki daidai da ta kamfani. Wannan fa ba gidan sauron da ake rabawa mai magani a jiki ba ne. Yara ba a sa musu raga, ɗaure bakin jakar ya isa, haka nan in hanji ya ruɓe likita kan guje mata.

Kwana uku na farko

Wanda aka yi wa ƙaramar ƙaba na iya komawa gida ranar ko washegari. Mai babba wadda ta daɗe a maraina kan ƙara kwana, wani lokaci da 'yar roba mai tsiyaye ruwa. Kafin a sallame ka sai ka yi fitsari. In awa 8 ta wuce mara ta cika ya ƙi zuwa, ka kira nas. Ciwon kai mai tashi in ka zauna ya lafa in ka kwanta, daga allurar baya ne: ka kwanta, ka sha ruwa sosai, ka sanar da su.

Mu Hausawa ko rai na fita in aka ce ya jiki sai mu ce da sauƙi. Wannan amsar 'yan dubiya ce. Likita da nas ka gaya musu inda ke ciwo da yadda yake. Ka sha maganin zafi a kan lokaci tun kafin ciwon ya taso: farasitamol ga babba ƙwaya 2 duk awa 6, kada a wuce 8 a yini. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji ibufurofen da dangoginsa sai da izinin likita. Tiramadol kuwa, in an rubuta maka, na 'yan kwanaki ne. Yana busar da bayan gida, kuma mun ga abin da sabo da shi ya yi wa matasanmu.

Ga yadda ake tashi daga kwance: kada ka yunƙuro kai tsaye. Ka tanƙwashe gwiwoyi, ka mirgina kan gefen da ba a yi aiki ba, ka sauko da ƙafafu, sannan ka tura jikinka sama da gwiwar hannu. Mai kwana a tabarma a samo masa gado ko a ninka katifa na mako biyu. In tari ko atishawa ko dariya ta zo, ka dafe wurin da tafin hannu ko matashi. Kuma ka yi tafiya tun ranar farko, daga ɗaki zuwa tsakar gida, gobe zuwa zaure, jibi ƙofar gida. Kwanciya wuni guda cur ita ke jawo daskarewar jini a ƙafa da cushewar ciki.

Ka ci abin da ka saba, ka fara da mai ruwa-ruwa. Maganar da ake yi cewa ƙwai ko nama ko madara na sa miki ruwa ba ta da tushe. Da su jiki ke gina sabon nama, haka wake da kifi. Abin tsoro shi ne taurin bayan gida, don haka a yawaita ruwa, gwanda, lemo, kwaɗon zogale da miyar kuɓewa ko kuka. In kwana 3 ba ka zaga ba, ka nemi maganin laushi a asibiti maimakon yunƙuri. Wanda masansa na tsuguno ne, a huda masa tsohuwar kujera a ɗora a kai, ko ya sami abin dafawa.

Kula da miki

Kada ruwa ya taɓa shi awa 48 na farko. Ka goge jiki da tsumma. Bayan nan ka bi abin da aka gaya maka game da wanka, kuma ko an ce ka yi, a bar ruwa ya bi ta kai kawai, ba cuɗa da soso, sannan a tsane da tawul mai tsabta. Ba a gasa mikin tiyata. Ba a shafa masa man zafi, ba a fasa kafso a barbaɗa, ba toka, ba garin magani. In zaren na cirewa ne, ana cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 10 a asibiti. Wani zaren kuwa narkewa yake yi.

Kumburi da ɗan baƙi-baƙi a maraina ko gaba cikin makon farko ba abin tashin hankali ba ne, kwantaccen jini ne ya gangaro, zai washe. Kamfai mai kama jiki yana rage nauyinsa. Za ka kuma ji wani tauri a ƙarƙashin ɗinkin na wasu makonni, mutane da yawa kan ɗauka ƙabar ce ta dawo, alhali naman ne ke haɗewa. Amma ka koma asibiti ba jira in ka ga zazzaɓi, ko mikin ya yi ja yana zafi yana fitar da mugunya ko wari, ko jini ya jiƙe bandeji ya ƙi tsayawa, ko kumburi na ƙaruwa da sauri, ko ɗan maraina ya kumbura da ciwo mai tsanani, ko amai da kumburin ciki, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Zazzaɓin bayan tiyata kada a yanke masa hukuncin na cizon sauro ne a kemis, a bar likita ya buɗe mikin ya gani.

Salla, iyali da komawa aiki

Ruku'u da sujada suna jan wurin a kwanakin farko. Addini ya sauƙaƙa: Sahabi Imrana ɗan Husaini da ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ka zauna a kujera ka yi nuni har sai sunkuyawa ta daina ciwo, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. Batun wankan wajibi da bandeji a jiki, da ramuwar azumi in aikin ya faɗo a Ramadan, ka tambayi malaminka.

Tambayar da maza ke riƙewa a ciki su kasa yi ita ce ta mazakuta da haihuwa, kuma ita ke hana da yawa zuwa asibiti. Gyaran ƙaba ba ya taɓa ƙarfin namiji. Jijiyar maniyyi tana bi ta wurin, gaskiya ne, amma likita na ganinta yana kauce mata, kuma da wuya ƙwarai ta sami rauni. Ana iya komawa ga iyali bayan kamar mako 2, in motsi ya daina ciwo.

Mai aikin ofis ko zaman shago kan koma cikin mako 1 zuwa 2. Tuƙin mota sai ka tabbatar za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ka ji zafi ba. Babur ya fi mota wahalar da wurin, saboda buga kik da ramukan hanya, don haka ɗan acaɓa ya ƙara haƙuri. Ɗaukar buhu, jan guga a rijiya, huɗa, faskare, tura kura, sai mako 4 zuwa 6 sun cika kuma likita ya duba ya sallame ka. Mace ma haka: daka, ɗaukar tulu ko jarka, da goyon yaron da ya yi wayo duk a ɗauke mata su, kuma maigida ne ya kamata ya tsaya a kan haka, domin ita ba za ta iya kallon aiki ta ƙyale ba. In an koma, a fara da rabin kaya, a riƙa durƙusawa da gwiwa a ɗaga maimakon sunkuyawa da ƙugu.

Wajen mutum 1 cikin 10 kan ci gaba da jin wani ɗan zafi ko mutuwar fata a matsematsi bayan wata 3, mafi yawa mai sauƙi ne kuma yana raguwa. In naka yana hana ka aiki ko barci, ka koma wurin wanda ya yi maka aikin, akwai magani da allurar da ake yi wa jijiyar. Haka nan in ka ga ƙullutu ya sake fitowa da tari, a wurin ko a ɗaya ɓangaren, ka tafi da takardar sallamarka, domin likita na biyu yana bukatar sanin ko akwai raga a ciki kafin ya zaɓi ta inda zai shiga.